Tafsirin malaminmu ya kai giga 12, ta yaya zan sa shi a manhaja?

Nasiru Zariya:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa irin wannan aiki. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara sama da ashirin yana tafsiri da azumi a masallacin unguwarmu. Bayan rasuwarsa iyalansa suka ba ni kaset cike da buhu. Na tantance na samu 140 masu lafiya, dukansu 'yan minti 90. Wata takwas ina juye su a kwamfuta da wata tsohuwar rikoda, na mayar da su MP3 a 128 kbps (ma'aunin datar da sauti ke ci a kowace daƙiƙa). Karatun ya kai awa 210, nauyinsa giga 12.

Na rubuta manhajar waya da Flutter, wato kayan aikin rubuta manhaja. Da na gwada zuba kaset goma kacal a cikinta sai ta haura MB 860. Burina tsofaffin almajiransa da matan da ba su samu zuwa masallaci ba su saurara ba tare da intanet ba. Yaya zan yi?

Injiniya Habibu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan malam, kai kuma Allah ya ba ka ladan wannan wahala. Abu na farko, cire sautin daga cikin manhajar gaba ɗaya. Tun watan Agusta 2021 Google Play ba ta karɓar sabuwar manhaja sai a tsarin App Bundle, kuma jikin manhajar da mutum zai sauke yana da iyakar nauyin da ba ya wucewa. To ko kaset goman nan ba za su shiga ba.

Amma kafin a zo nan, giga 12 ɗin nan ba nauyin karatun malam ba ne, nauyin zaɓin da ka yi ne. Riƙe wannan lissafi, zai yi maka amfani har gaba: ka ninka kbps da 0.45, abin da ya fito shi ne MB nawa awa ɗaya za ta ci. 128 sau 0.45 ya ba ka 57.6, sau awa 210, ga giga 12 ɗinka nan. Yanzu ka tambayi kanka: mutum ɗaya ne zaune gaban makirfo ɗaya, me ya kawo sitiriyo? Kunnen dama da na hagu abu ɗaya suke ji, ka biya wuri sau biyu. Ka mayar da shi mono, wato sauti mai hanya ɗaya, sannan ka bar MP3 ka koma Opus, wato irin wanda WhatsApp ke ɗaukar saƙon murya da shi. An yi shi ne musamman da maganar mutum a zuciya, an tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, kuma Android na karanta shi tun daga 5.0. A 24 kbps awa ɗaya MB 10.8 ce. Duka tafsirin zai dawo giga 2.3.

Nasiru Zariya:
Ikon Allah. Daga 12 zuwa 2.3? Injiniya ba zai lalace ba kuwa?

Alaramma Musa:
Ni ma tambayar da ta hana ni shiru ke nan. Ku yi haƙuri, ni ba masanin kwamfuta ba ne, ɗana ne ya sa ni a zauren nan saboda wani aikin makarantarmu. Amma tafsiri ba magana kaɗai ba ce. Akwai mai jan baki, shi Alƙur'ani yake karantawa. Na sha jin karatun da aka matse ana yawo da shi a waya, sadi ta koma sinun, ha mai fitowa daga tsakiyar maƙogwaro ta ɓace kamar an shafe ta, gunna ta zama ƙugi. Yaro ya ji haka ya haddace, gyaransa sai an sha wuya. In rage nauyin zai taɓa harafi, gara a bar shi da nauyinsa.

Injiniya Habibu:
Allah ya gafarta malam, maganarka gaskiya ce, kuma tana da dalili da ake iya aunawa. Haruffa irin su sinun da sadi da fa, abin da ke bambanta su yana can saman sauti ne, wurin da ke da siririn shuuu. Layin tarho na da yana yanke duk abin da ya haura 3,400 Hz (ma'aunin siririn sauti), shi ya sa idan mutum na faɗa maka suna a waya kake cewa ya maimaita. Karatun da ka ji ya lalace, yawanci an matse shi ne sau uku ko huɗu: wani ya kunna a lasifika, wani ya ɗauka da waya, aka tura, aka sake juyawa. Kowane juyi sai ya ci wani abu.

Su kansu masu Opus sun rubuta cewa 16 zuwa 20 kbps ya isa magana mai faɗin 8,000 Hz, 28 zuwa 40 kuma yana ɗaukar magana da cikakken faɗinta. Ga kuma kaset ɗin kansa, wanda aka ɗauka a masallaci fanka na juyawa, ba shi da saman sauti mai yawa tun asali.

Amma kada mu yi ta musu a kan lamba. Nasiru, yanko minti uku daga inda mai jan baki ke karatu, ka fitar da shi kala huɗu: na asali, 16, 24, 32. Ka sa musu suna A, B, C, D ba tare da ka faɗa wa kowa wanne ne wanne ba. Kunnen Alaramma ne zai yanke hukunci. Ga umarnin da za ka ba ffmpeg, manhajar juya sauti:

ffmpeg -i asali.wav -ac 1 -c:a libopus -b:a 24k fita.opus

Ka lura na rubuta asali.wav. Ina fata ka ajiye WAV ɗin, wato sautin asali da ba a matse ba?

Nasiru Zariya:
Na kaset 90 suna nan a ma'ajiyar kwamfuta (hard disk). Sauran 50 na goge lokacin da wuri ya ƙare mini, MP3 ɗinsu kawai ya rage.

Injiniya Habibu:
To 50 ɗin nan ka sake juyo su daga kaset tunda suna hannunka. Kada ka matse MP3 zuwa Opus, shi ne ainihin abin da Alaramma ke kuka da shi. Kuma WAV ɗin ka yi masa ajiya biyu a wuri daban-daban. Kaset yana mutuwa, wata rana WAV ɗin ne zai zama asalin.

Bashir K.:
Me zai hana ya yi amfani da Play Asset Delivery? An yi shi ne don manhajoji masu kaya da yawa. Yana da hanya uku: kayan su sauka tare da manhajar, ko su biyo bayanta kai tsaye, ko sai mutum ya nema. Ya zaɓi ta ukun, kuma ba zai biya kuɗin sabar ba, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli a intanet.

Injiniya Habibu:
Zai yi aiki, Bashir, amma ban ga ya dace da wannan ba. Duk ranar da aka gano kaset ɗaya a gidan wani almajiri sai ya sake fitar da sabuwar manhaja. Sannan wanda aka tura wa manhajar ta Xender, bai sauke daga Play ba, wannan hanya ba za ta yi masa aiki yadda ake so ba. Mutanen Nasiru kuwa rabinsu haka za su same ta.

Aminu Mai Gyara:
Ku bari in faɗi abin da nake gani a kan teburina a Farm Centre, don ku masu rubuta manhaja wayoyinku manya ne. Mafi yawan masu kawo mini waya suna cewa ta cika, itel ce ko Tecno mai giga 32, wasu ma 16. Kafin mai ita ya ɗauki hoto ɗaya, tsarin wayar ya riga ya cinye kaso mai tsoka. Sauran kuma bidiyon WhatsApp ne na biki da na zaurukan dangi. Idan na buɗe musu jerin manhajoji, wadda ke sama ita ake fara nunawa a ce goge wannan. Ba sa tambayar mene ne a ciki. Na taɓa goge wa wata baiwar Allah manhajar karatu da umarninta, bayan kwana biyu ta dawo tana neman surorin da ta sauke, ashe duk sun tafi tare da manhajar. Har yau abin yana damuna. Don haka Nasiru, ko giga biyun nan ma kada ka bari su sauka gaba ɗaya sai in mutum ne ya nema da kansa.

Malama Hadiza:
Aminu ya taɓo wurin da na fi damuwa da shi. Na yi aiki a kan manhajar darussan murya ta wata makarantar matan aure, kuma abin da ya fi ba mu wahala ba matse sauti ba ne, abin da ke faruwa ne a wayar mutum bayan ya danna sauke.

Ka ɗauki fuska ɗaya ta kaset a matsayin fayil ɗaya, minti 45. Kusa da kowanne ka rubuta nauyinsa ƙarara, MB 8 ko 11, kafin a taɓa shi. Matar da ta sayi data ta naira ɗari biyu tana da haƙƙin sanin abin da za ta kashe, balle tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Kafin saukarwa ta fara, manhajar ta duba wurin da ya rage a waya. In bai isa ba ta faɗa da Hausa, ta ce saura MB kaza, goge darasi kaza da kika riga kika ji. Kada ta yi shiru ta mutu a kashi 90.

Sai maganar yankewar sabis. Sabar ɗinka dole ta yarda a ci gaba daga inda aka tsaya, abin da ake kira Range a HTTP. Mu da farko ba mu kula da wannan ba, mace ta sauke MB bakwai cikin takwas, sabis ya ɗauke, ta dawo ta tarar an koma sifili. Sau biyu haka ta faru da mutum ba ya sake taɓa manhajar. Kuma fayil yana sauka ka sa masa sunan wucin gadi, sai ya kammala ka duba nauyinsa ya yi daidai sannan ka canza masa suna. In ba haka ba za ka samu rabin darasi yana nuna kamar ya cika.

Ɗaya kuma da mutane ke mantawa: kada ka ajiye su a ma'ajiyar cache, wato ma'ajiyar wucin gadi ta waya. Android na da ikon share ta idan wuri ya matse, manhajojin share-share da ke zuwa da waya kuma kullum can suke fara kai hannu.

Ka kuma sa manhajar ta riƙe inda mutum ya tsaya. Ba mai zama minti 45 a jere, ana girki ana ji ne, yaro ya yi kuka a tsaya.

Nasiru Zariya:
Malama na gode ƙwarai, duk na kwafe. To ina zan ajiye su ke nan?

Injiniya Habibu:
A jakar manhajar taka, wadda getExternalFilesDirs ke ba ka. Ba ta buƙatar neman izini, kuma in akwai katin memori za ta nuna maka jakar da ke kansa, sai ka bar mutum ya zaɓa.

Malama Hadiza:
A nan ban bi ka ba, Injiniya. Wannan jakar ita ce ta cinye surorin matar da Aminu ya ba da labari. Ana cire manhaja ake share ta, har wadda ke kan katin. Kuma tun Android 11 an rufe Android/data, mutum ba ya iya shiga cikin sauƙi ya ɗauko fayil ya tura wa 'yar'uwarsa. Ni na fi son a rubuta su a jakar Music ta hanyar MediaStore, tsarin Android na ajiye sauti da hotuna. Ita ta biya datar, fayil ɗin nata ne, ya kamata ya zauna ko da manhajar ta tafi.

Injiniya Habibu:
Na ji, amma ki faɗa masa kuɗin da zai biya. In aka cire manhajar aka mayar, ba ta sake ganin fayilolin a matsayin nata ba, sai ta nemi izinin karanta sauti, wanda daga Android 13 ya zama izini na daban. Mutum zai iya canza wa fayil suna ko ya goge shi ta wata manhajar, taka tana nan tana zaton yana nan. Ga fayil 280 za su cika masa manhajar kiɗa. Nasiru shi kaɗai ne, ba shi da ma'aikata.

Malama Hadiza:
Duk gaskiya ne, aiki ne na mako guda ko biyu. Amma ka auna shi da giga biyu na datar tsohuwa.

Isufu Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Na karanta tun daga sama, kuma akwai abin da ba wanda ya ambata. A nan wajenmu, ina jin har can wajenku, dattawan da suka fi son irin wannan karatu da yawansu ba su da babbar waya. Ƙaramar waya ce mai madannai, ko rediyon nan mai cin memori da ake rataya wa a shago ko a ɗaure a kan babur. Mutum yakan je kasuwa ya ba da katinsa a zuba masa wa'azi. Waɗannan na'urori MP3 suka sani. Ka ba su Opus ba za su ma nuna shi ba. In Nasiru ya mayar da komai Opus ya kulle a manhaja, ya bar baffanninmu a waje.

Aminu Mai Gyara:
Wallahi Isufu ya yi gaskiya. Masu zuba karatu a kati suna nan layi guda kusa da ni, ba su taɓa rasa ciniki ba.

Injiniya Habibu:
Wannan ya wuce ni, Malam Isufu, na gode. To mafita ita ce kala biyu daga WAV ɗaya. Opus na manhaja, MP3 mono a 64 kbps na kati. 64 sau 0.45 sau 210, giga 6 ke nan, zai shiga katin giga 8. Sunayen fayil ɗin su fara da lamba, 001, 002, don rediyoyin nan ba su da allon kirki, mai ji da lamba yake gane inda yake. Kuma a zuba su a katin bi da bi, wasu rediyoyin suna bin jerin da aka kwafa ne, ba jerin suna ba.

Aminu Mai Gyara:
Ƙari ɗaya. Ku gwada katin kafin ku raba. Akwai na jabu da ke nuna giga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, yana karɓar fayil kamar gaske, sai an zo kunna na ƙarshe a tarar babu komai. A kwamfuta H2testw yana tona shi. In babu, a cika katin a kunna fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe.

Bashir K.:
Ni tsorona daban ne. In aka saki fayil haka a fili, gobe wani zai yanko minti ɗaya daga maganar malam ya cire ta daga muhallinta ya watsa a TikTok. Malam ba ya nan balle ya kare kansa.

Alaramma Musa:
Ɗana, wanda ya yi niyyar yanka zai kunna a waya ɗaya ya ɗauka da ɗaya, kulle ba zai hana shi ba. Abin da ke kare malam shi ne cikakken karatun ya kasance a hannun mutane da yawa, duk wanda aka kawo wa guntu ya iya komawa ya ji abin da ke gaba da baya. Sai dai a tambayi magada, haƙƙinsu ne.

Nasiru Zariya:
Na tambaye su tun ranar da suka ba ni buhun. Babban ɗansa ya ce waƙafi ne, sharaɗinsu biyu: kada a sayar, kada a sa talla a ciki. Wannan ya kawo ni tambaya ta gaba, tunda ba kuɗin shiga, ina zan ɗora fayilolin?

Injiniya Habibu:
Yi hattara a nan, don ba ajiya ke cin kuɗi ba, saukewa ce. Wasu manyan kamfanoni na cajin kusan santi 9 na dala a kowace giga da ta fita. Mutum dubu su sauke giga uku-uku, ka haura dala 250, kai da ba ka sayar da komai. Duba Cloudflare R2, ba sa cajin fita, kuma giga 10 na farko na ajiya kyauta ne, ya ɗauki Opus ɗinka har da MP3 ɗin. Sannan ka ɗora kwafi a Internet Archive. Jerin darussan kuma, da sunansu da nauyinsu da adireshinsu, ya zama ƙaramin fayil ne a sabar wanda manhajar ke ɗaukowa ta ajiye. Ran da ka sauya masauki ko ka ƙara kaset, shi kaɗai za ka gyara.

Nasiru Zariya:
Alaramma, na tura maka A, B, C, D ta akwatinka. Daga Suratu Maryam ne.

Alaramma Musa:
Na saurara sau uku, da abin kunne da kuma lasifikar waya, na kuma kira wani ɗalibina mai kaifin kunne. C ba ta yi ba, muryar mai jan baki kamar daga cikin tulu, in ya ja madda tana rawa. A da D ban iya raba su ba. B tana da kyau, sai dai wurin da fanka ta yi ƙarfi, harafin shinun yana ɗan narkewa a cikin iskar. In da maganar malam ce kaɗai da na ce B ta isa. Saboda ayoyin, A ko D.

Nasiru Zariya:
C ita ce 16, B 24, D 32, A kuma na asali.

Injiniya Habibu:
Shi ke nan, 32. Na janye 24 ɗina. Fuska ɗaya MB 10.8, duka giga 3. Nasiru, in za ka rage ƙarar fanka a Audacity, manhajar gyaran sauti, ka yi da sauƙin hannu, in ka matsa shi ma yana cin haruffan nan da muke karewa. Ka tura wa Alaramma samfur kafin ka bi ta kan sauran.

Malama Hadiza:
Kada a manta da masu Xender. App Bundle yana rarraba manhaja gida-gida gwargwadon wayar mutum, in aka tura guntu ɗaya zuwa wata wayar sau da yawa ba ya hawa. A Play Console akwai inda za ka sauke APK, wato fayil ɗin manhajar, guda cikakke mai sa hannu ɗaya da na Play. Shi za ka ba mutane su riƙa turawa.

Nasiru Zariya:
Jama'a ga inda aka kwana bayan mako uku. Manhajar yanzu MB 29 ce, har da darasin farko na Fatiha da na bari a ciki don wanda ya buɗe ba data ya ji muryar malam nan take. A maganar ma'ajiya na bi Malama Hadiza, suna sauka a Music cikin jaka mai sunan tafsirin. Injiniya, abin da ka faɗa ya faru, kwana huɗu na yi kafin manhajar ta iya gane fayil ɗin da aka goge ta waje, amma yanzu tana dubawa duk lokacin da aka buɗe ta. Na sa maɓallin goge waɗanda aka gama ji, da wani na tura darasi ga wani. Kaset 90 sun hau. Na zuba MP3 ɗinsu a kati biyar, ɗaya yana wajen iyalan malam, Malam Isufu kuma in akwai mai zuwa Maraɗi daga Kano ko Katsina zan aiko maka ɗaya.

Sauran 50 ɗin ne suka tsaya. Na juya goma sha ɗaya sai bel ɗin rikodar ya saki, sauti ya fara jan ƙafa. Na zaga wajen masu gyaran rediyo biyu a Sabon Gari ban samu girmansa ba.

Isufu Maraɗi:
Akwai direban da ke tasowa daga Katsina duk Laraba, zan turo maka bayaninsa ta akwati. Allah ya saka da alheri.

Aminu Mai Gyara:
Nasiru, kada ka ƙara sa kaset a cikinta haka, tana iya tauna maka zaren. Ciro tsohon bel ɗin ka ninka shi biyu a kan rula, ka ɗauki hoto ka turo mini tare da lambar da ke bayan rikodar. Akwai wani dattijo da ke gyaran irinsu a nan Kano, gobe bayan azahar zan kai masa ya duba.